Wa Ke Auna Tsawon Hanya? Bune, Fatake da Gadojin Kwamfuta

A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen Barno da ƙasar Hausa suka sani da suna Abdulkarim, ya ratsa ta Bune a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa yamma. Tambutu ya nufa, kuma sai ya bi ta Sakkwato. Wanda duk ya shimfiɗa taswira ya ja zare daga Kukawa zuwa Sakkwato zai ga zaren ya bar Muniyo da Damagaram a arewa. Duk da haka Barth ya karkata, ya bi ta Bune da Gure da Gidimuni da Mirriya, ya shiga Damagaram ranar 25 ga Disamba, domin a can yake sa ran guzurin da aka aiko masa ta hanyar Tarabulus. A lissafin mutumin da aljihunsa ya bushe, hanyar da kuɗi ke jira a ƙarshenta ita ce ta kusa. A lokacin kuwa Bune ta riga ta rasa gadon sarautar Muniyo, Muniyoma Koso ya ɗauke shi ya kai Gure. Abin da nake son tabbatarwa daga tarihin Bune shi ne, abin da ake kira gajeriyar hanya abu ne da mutane ke yankewa su amince a kansa, kuma arzikin gari yakan tashi ko ya kwanta gwargwadon wanda ke riƙe da ma'aunin. Injiniyoyin kwamfuta sun shafe kusan shekara talatin kafin su rubuta wannan magana a cikin ƙa'ida mai lamba, wadda suka sa wa IEEE 802.1aq.

Abin da ya sa hanya ta bi ta Muniyo tun farko yana cikin ƙasa. Yankin Mangawa ne, masu magana da Barbarci, kuma tsakanin tuddan rairayi da duwatsunsa akwai kwaruruwa inda ruwa ke kusa da sama, inda dabino da goruba ke tsirowa. Idan rani ya yi, ruwan tsakiyar kwari ya janye, sai ƙasa ta yi fari fat da kanwa, a kankare ta a tara. Gishirin mangul kuwa aikinsa ya fi wuya: a ɗebo ƙasa mai gishiri, a zuba ta a matata a kwarara ruwa, a tari ruwan da ya tsiyaye a zuba a ƙananan tukwanen yumɓu da aka jera a murhu, a yi ta hura wuta ana ƙara ruwan gishirin har ya daskare, sannan a fasa tukunya a fito da curin. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan sana'a a littafinsa na 1986 kan gishirin tsakiyar Sudan, ya nuna yadda kanwar Muniyo da Mangari ke kaiwa kasuwannin ƙasar Hausa har ta wuce su zuwa kudu. Kowa na bukatarta. Makiyayi yana ba shanu, mai tuwo tana jefawa a miya da kunun kanwa, mai taba yana haɗawa da garinsa, majemi da mai sabulu kowa da nasa rabo. Kaya ne mai nauyi mai araha, irin wanda riba a kansa ba ta jure ɓatan kwana biyu a hanya, saboda haka wanda ya ɗora shi a kan jaki ko takarkari dole ya iya lissafin hanya.

Wannan lissafi sana'a ce mai shugabanni. Ayarin fatake yana da madugu, wanda ke yanke ranar tashi da wurin zango, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan abin da za a biya kafin a wuce. Yana da jagaba a gaba, wanda ya san rijiyoyi da mararraba. Ba da taku suke auna hanya ba. Suna ƙirga zango nawa ne, tsakanin rijiya da rijiya kwana nawa, wace rijiya ce ke ƙafewa kafin bazara, wane sarki ne ya tsawwala kuɗin fito a bana, ina ne mahara suka tare ayari a watan jiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan nauyi ne da ake ɗora wa hanya, kuma hanyar da jimlar nauyinta ta fi sauƙi ita ake bi, ko da ta fi tsawo a ƙafa. Daga nan karin maganar nan ta samo ƙarfinta, cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai dai lissafin ba ya yiwuwa sai da labari mai ɗumi, kuma zango shi ne wurin musayarsa: ayarin da ya fito daga gabas ya faɗi abin da ya baro, na yamma ma haka, fatoma mai masauki ya riƙe ya isar wa na gobe. A ganina wannan musaya ita ce ƙashin bayan fatauci, fiye da raƙuma da jakuna. Madugu biyu da suka ji labari ɗaya, suka yi awo da ma'auni ɗaya, za su zaɓi hanya ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Masu mulki kuwa a kullum so suke hanyoyi su bi ta ƙofarsu, kuma Muniyo ta ga an sauya mata alƙibla sau da yawa. Ta kasance tana biyan haraji ga Barno tun Birnin Gazargamu na tsaye. Birnin ya faɗi a 1808 a yaƙin jihadi, Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814, hanya ta koma can. Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta janyo Muniyo ƙarƙashinta, kuma Rabi ya rushe Kukawa a 1893. Sai Turawa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta zana wa Sakkwato da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiyarta, aka bar wa Faransa abin da ke wajen da'irar. A takarda Faransawa sun sami hanya daga kogin Kwara zuwa Damagaram, wadda suka ci a 1899. A ƙasa kuwa hanyar ta ratsa inda babu isassun rijiyoyi, ayarin sojansu na shan wuya a kanta. Sun yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904, aka matsar da iyaka kudu domin su sami hanya mai ruwa, aka tabbatar a 1906, sannan tawagar Faransa ta Tilho da takwararta ta Ingila suka bi suna kafa alamu. Wato iyakar da ke kudu da Bune a yau, wadda ta raba ta da Macina da Nguru, lissafin rijiyoyi na cikin abin da ya haife ta. Manyan dauloli biyu sun zauna a Turai sun koyi abin da jagaba ya sani tun yana yaro.

Abin da ya biyo baya ya fi nuna hannun mutum a kan ma'auni. Damagaram ta zama hedkwatar yankin soja a 1911, aka mai da hedkwata Yamai a 1926. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Nguru a 1930, kusa da ƙofar Muniyo. Ga mai kanwa da mai gyaɗa na gabashin Nijar, hanyar teku mafi sauƙi ta bi ta Najeriya ce. Amma a shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ƙirƙiro shirin da ta kira Opération Hirondelle, ta tallafa wa motoci su kwashi gyaɗar Nijar zuwa tashar jirgin ƙasa ta Paraku a Dahome, daga nan zuwa Kwatano, domin kaya su zauna cikin ƙasashen Faransa. Ba a rage ko taku ɗaya daga tsawon hanyar Dahome ba, farashinta aka sauke da kuɗin gwamnati har ta zama ita ce ta kusa a littafin ɗan kasuwa. Bayan samun ƴanci babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta miƙe daga Yamai ta bi ta Damagaram da Gure zuwa Difa da Gigimi, Bune ta zauna a kudu da ita. Siffar da aka gada ita ce ta bishiya: gindi ɗaya a Yamai, gangar jiki ɗaya mai tsawo, garuruwa na rataye a rassa.

Wannan siffa ta bishiya ita ce injiniyoyi suka zaɓa wa kwamfutoci da gangan, kuma suna da hujja. An ƙirƙiro Ethernet a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, domin kwamfutocin gini ɗaya su yi magana ta waya ɗaya. Da gine-gine suka yi yawa sai aka shigo da na'urar da ake kira gada, kakar akwatin nan mai ramukan waya da ake gani a shagon intanet, wanda masu gyara ke ce wa suwic. Aikin gada mai sauƙi ne: idan ƙunshin saƙo ya shigo ta wata ƙofa kuma ba ta san inda mai shi yake ba, sai ta kwafe shi ta fitar ta dukan sauran ƙofofin. Matsalar ita ce ƙunshin Ethernet ba ya ɗauke da ƙidayar zango da za ta ƙare ya mutu. Idan wayoyi suka yi zobe, ko da kuskuren mai jona waya ne, saƙo ɗaya zai yi ta kewayawa yana haihuwa a kowace mararraba har ya cika wayoyin, komai ya tsaya cik cikin ƙiftawar ido. Radia Perlman, injiniya a kamfanin Digital Equipment Corporation, ita ta kawo magani, ta wallafa shi a 1985, kuma ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mai da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Gadoji su zaɓi guda ɗaya, mai mafi ƙanƙantar lamba, ta zama gindi. Kowace gada ta riƙe hanyarta mafi sauƙi zuwa gindin, duk wata waya da za ta rufe zobe a toshe ta, ta zauna jiran ranar da wata za ta yanke.

Dabarar ta yi aiki, ita ce ma ta ba Ethernet damar mamaye duniya, amma tsadarta irin wadda ɗan Bune zai gane ce nan take. Gadoji biyu na iya zama maƙwabta, da waya lafiyayya a tsakaninsu, amma a toshe ta, saƙonsu ya hau sama wajen gindi ya sake gangarowa. An sayi waya da kuɗi an binne ta, an hana ta aiki. Idan kuma wata ta yanke, gadoji sukan ɗauki sakan 30 zuwa 50 kafin su sake shirya bishiyar. An yi gyara a 2001 don a hanzarta wannan, aka sake wani a 2002 don a sami bishiyoyi fiye da ɗaya, amma tushen tunanin bai sauya ba. A watan Nuwamba na 2002 ɗin nan tsarin sadarwar asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ta Amurka ya durƙushe na kusan kwana huɗu, likitoci suka koma takarda da alƙalami da ƴan aike, kuma binciken da aka yi ya nuna tsarin ya yi girman da bishiyar ta kasa riƙe shi.

Maganin kuwa ya girmi cutar. Tun 1956 Edsger Dijkstra, a birnin Amsterdam, ya tsara dabarar lissafin gano hanya mafi sauƙi daga wuri ɗaya zuwa dukan sauran wurare, ya gwada ta da taswirar garuruwa 64 na ƙasar Holan, ya wallafa a 1959. Dabarar tana bukatar abu biyu kacal, cikakkiyar taswira da nauyin kowace hanya. A 1979 masu kula da ARPANET, kakar intanet, suka koma wani tsari inda kowace na'ura ke shelanta wa kowa halin wayoyin da ke jikinta, wace ce lafiya, wace ce ta yanke, nawa ne nauyin kowace, har kowa ya tara taswira iri ɗaya ya yi lissafinsa da kansa. Zangon fatake ke nan, sai dai labarin na zagawa cikin ƙasa da sakan. Daga cikin ƙa'idojin da aka gina a kan wannan akwai IS-IS, wadda ita ma asalinta daga kamfanin Digital ne. Abin da ya sa ta dace da gadoji shi ne tana tafiya kai tsaye a kan waya ba tare da jiran adireshin intanet ba, kuma ana iya ƙara mata sababbin nau'o'in labari ba a rushe ta ba. A watan Maris na 2012 IEEE ta amince da 802.1aq, ƙa'idar haɗa gadoji ta gajeriyar hanya, kuma a watan Afrilu ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da takarda mai lamba RFC 6329 da ta bayyana ƙarin da aka yi wa IS-IS dominta. A sabon tsarin kowace gada gindin bishiyar kanta ce, babu wayar da ake toshewa don gudun zobe.

Wanda ya karanta ƙa'idar da natsuwa zai lura lissafin Dijkstra ba shi ne ya ci wa kwamitin IEEE shekaru ba. Abin da ya ci su shi ne yadda za a hana saɓani. Idan hanyoyi biyu suka yi kunnen doki a nauyi, gadar gabas ta zaɓi ɗaya, ta yamma ta zaɓi ɗayar, rikici ya dawo. Don haka aka rubuta tsayayyar hanyar raba gardama da lambobin gadojin da ke kan kowace hanya, yadda duk wanda ya yi lissafin, daga kowane gefe, amsa ɗaya zai samu, kuma hanyar zuwa ita ce ta dawowa. Aka tanadi salo 16 na raba gardamar domin a rarraba kaya a kan hanyoyin da suka yi daidai. Aka ce gada ta ƙi karɓar saƙon da ya shigo ta ƙofar da taswira ba ta nuna ya kamata ya fito ba. Aka kuma ba da damar sa ƙunshi cikin wani ƙunshin mai lambar hidima, abin da ya ɗaga adadin rukunonin da tsari ɗaya ke iya rabawa daga 4,094 zuwa fiye da miliyan 16. Nauyin kowace waya kuwa, wanda dukan lissafin ya rataya a kansa, an bar shi a hannun mai kula da tsarin. Yana iya barin na'ura ta sa shi gwargwadon ƙarfin wayar, yana iya zama ya rubuta lambar da ya ga dama, kaya su kauce wa wata hanya su bi wata. Abin da gwamnan mulkin mallaka ya yi wa gyaɗa da kuɗin tallafi, shi injiniya ke yi da layi ɗaya na rubutu.

Mai ja da wannan magana zai ce na haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Ƙa'idar 802.1aq tana aiki ne a cikin gida ɗaya, jami'a ko filin jirgi ko tsarin kamfani guda, inda mai iko ɗaya ne, ba ita ke kai saƙo daga Gure zuwa Kano ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Tsakanin kamfani da kamfani, ƙasa da ƙasa, wata ƙa'ida ce daban mai suna BGP ke aiki. Sai dai ita wannan ta fi ƙarfafa abin da nake faɗa, domin a cikinta kowane kamfani yana fifita hanya ne bisa wanda yake biya da wanda ke biyansa, kuma shi ya sa aka daɗe ana ganin saƙo tsakanin ƙasashen Afirka biyu maƙwabta ya je Turai ya dawo. Wani kuma zai ce nisa abu ne na zahiri, haske a cikin zaren gilashi yana da iyakar gudu, ba wanda zai rubuta lamba ya gajarta hamada. Wannan ma haka ne, kamar yadda babu madugun da ya taɓa matso da rijiya. Ƙasa tana kafa iyakar abin da zai yiwu. A cikin wannan iyaka, wanda galibi ke da faɗi, zaɓin na mutane ne.

Hujja mafi nauyi a kaina ita ce ta kasuwa. Idan ƙa'idar ta yi kyau haka, me ya sa ba ta ci duniya ba? Dalili na farko abin takaici ne: an yi ƙa'idoji biyu don matsala ɗaya. Perlman da kanta ta kawo wata mafita, IETF ta raine ta da suna TRILL, ta fitar da ita a watan Yulin 2011. Ita ma da IS-IS take aiki, amma ta ƙara wa ƙunshi ƙidayar zango, kuma na'urarta ba ta jin yaren ta IEEE. Manyan kamfanoni irin Cisco da Brocade suka yi nasu salon na gida wanda ba ya haɗuwa da na kowa. Nortel, wanda injiniyoyinsa ke gaba-gaba wajen tsara 802.1aq, ya karye a 2009, sashensa mai wannan aiki ya koma hannun Avaya, wanda ya yi amfani da ƙa'idar a wasannin Olamfik na hunturu a Sochi a 2014, sannan sashen ya koma hannun Extreme Networks a 2017. Kafin ƙura ta lafa manyan rumbunan kwamfuta sun kama wata hanya, ta wasu ƙa'idoji masu suna VXLAN da EVPN. Har yau 802.1aq na aiki a jami'o'i da asibitoci da tashoshi, an kuma shigar da ita cikin babbar ƙa'idar 802.1Q a 2014, amma ba ta zama ta kowa ba. Ni ban ga wannan ya rushe hujjata ba. Ƙa'idar da dukan amfaninta ya dogara ga kowa ya riƙe taswira ɗaya, ta raunana ne daidai lokacin da masu yin ta suka kasa zama a zango ɗaya. Kuma duk magadanta sun riƙe ainihin tunanin: an bar gindi ɗaya, ana amfani da dukan wayoyi.

Akwai dai abin da babu ƙa'idar da za ta yi, kuma nan ne maganar ta dawo gida. Lissafi ba ya zaɓar hanyar da ba a gina ba. Inda waya ɗaya ce tak, bishiyar Perlman da 802.1aq amsa ɗaya suke bayarwa, kuma ranar da ta yanke dukansu shiru za su yi. Fataken Muniyo na ƙarni na 19, duk da mahara da kuɗin fito, suna da zaɓi: gabas zuwa Barno, yamma ta Damagaram, kudu ta Macina zuwa Haɗeja da Kano. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta na shigowa ne ta wayoyin maƙwabta. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, sadarwa ta raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma har da Nijar, waɗanda ke da wata mafita suka karkatar da kayansu, marasa ita suka jira jirgin gyara. Wannan ne ya sa nake ganin aikin shimfiɗa zaren gilashi na ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya fi ƙarfin a kira shi ƙarin sauri kawai. Rassansa sun nufi iyakar Aljeriya ta Arlit da Asamaka, iyakar Cadi ta Difa da Gigimi, da iyakar Najeriya daga Damagaram ta Magariya. Kowane reshe yana rufe zobe, irin zoben da tsohuwar ƙa'ida ke toshewa, sabuwa ke nema. Reshen Magariya shi ne mafi kusa da tsohuwar hanyar kanwa zuwa Kano, ko da yake ya bi yamma da Muniyo, kuma tsakanin kwaruruwan Bune da tashar Nguru har yanzu akwai iyakar nan da aka ja da lissafin rijiyoyin sojan Faransa.